Mai Yi wa Jirgi Wanka

Baffana ya koma ga Mahaliccinsa ranar wata Litinin da hantsi, a gidansa na Abakpa a Enugu, bayan ya sha koko ya ce zai ɗan kishingiɗa. Na Allah ne shi, na Allah ne mu, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na fi sabawa da almakashi, shi ne na lura mutane sun fara taƙaita shi. Wani ya tare ni a kasuwa ya ce, "Allah ya jiƙan tsohon nan mai wankin jirgi," sai na ji kamar an rage masa tsawo. Da yana raye da nan take ya gyara wa mutumin magana, don shi bai taɓa yarda cewa wanki yake yi wa jirgi ba.

Kafin rana ta yi zafi tsakar gidan ta cika. Mahautan kasuwar Artisan ne suka fara zuwa, wasunsu ko rigar aiki ba su tsaya cirewa ba, sai masu albasa da tumatir, sai 'yan keke na unguwa. Wata mata Ibo da ke sayar da okpa, alalen gurjiya irin nasu, a ƙofar filin jirgi na Emene ta shigo da kwandonta a ka, ta sauke shi gaban Inna, matar Baffa, ta zauna tana kuka da yarensu, Inna tana ba ta haƙuri da namu. Wani tsohon mahauci, abokin wasan Baffa tun suna samari, ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "To, makarar dai a goge ta da kyau. In ya ga ƙura ba zai hau ba." Har Liman sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Amma duk wanda ya gama ta'aziyya, sai ya ɗan ja ni gefe ya rage murya. "Yayan nasa fa? An gaya masa?"

Yayan nasa shi ne mahaifina, dillalin shanu a Fatakwal. Su biyu ne uwarsu ta haifa. Da Allah bai ba Baffa haihuwa ba, Baba ya ɗauke ni tun ina ƙarami ya miƙa masa, a hannunsa na tashi, shi ya kai ni koyon ɗinki, shi ya yi mini aure. Kuma tun ranar wannan auren Baba bai sake taka Enugu ba. Kowa a unguwa ya san da haka, kowa kuma ya san wasiyya ɗaya da Baffa ya sha maimaitawa a gaban Inna da gabana: idan ya riga yayansa tafiya, Yaya ne zai yi masa wanka. Ga gawa a ɗaki an lulluɓe, ga wanda zai wanke ta a wata jiha. Kuma Litinin ce. Duk mazaunin wannan yanki ya san Litinin, ranar zaman gida na dole: babbar hanya fayau take, direba ba ya fita ko da ɗan uwansa ne ke kira.

Na buga wa Baba waya. Da na gaya masa, sai ya tambaye ni.

"Ya bar wata magana?"

"Ya ce kai za ka yi masa wanka, Baba."

Na ji numfashinsa. Can ya ce, "Yau fa Litinin," ya kashe wayar.

Liman ya ce mini zai iya riƙe mutane zuwa bayan la'asar. "Daga nan kuma, ɗana, haƙƙin mamaci ne a kai shi makwancinsa. Wasiyya tana da girma, amma ba za a kwana da shi ba." Na ce na ji. Na koma kan benci cikin masu makoki, aka ci gaba da hirar Baffa, don shi mutum ne da ba a iya zaman makokinsa da shiru.

Gidanmu gidan fawa ne tun daga Kano. Kakanmu ya zo kudu da shanu ya zauna, 'ya'yansa biyu suka tashi a mayanka. Baba ya karɓi gadon da hannu biyu. Baffa kuwa tun yana yaro ƙyanƙyami ne da shi, wanda a gidan mahauta abin dariya ne. An ce in aka ba shi tebur ya wanke, sai an zo an ƙwace soson, don ba ya sanin inda ake tsayawa. Da ya girma sai ya koma wanke motocin manyan mutane a ƙofar filin jirgi. A nan wani dattijo Ibo, mai sha'awar tuƙin sama, ya lura cewa shi kaɗai ne yake zuba wa mota ruwa ya jira ƙasa ta gangara kafin ya ɗora tsumma. Mutumin ya sayo ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, fari sol, ya ce yana neman wanda zai kula masa da shi. Baffa ya shiga rumfar jirgin nan da bokiti, bai fito ba sai da furfura.

Jirgin ba na ƙarfe ba ne, kuma daga nan tsokana ta samo asali. An yi jikinsa da wani irin zare da gam, an shimfiɗa su hawa-hawa an matse, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Ma'aikatan wurin suna ce masa faiba. Mutanenmu da suka ji labari suka ce ai roba ce, suka sa masa jirgin roba, shi kuma Baffa ya zama mai wankin roba. Robar ba ta dame shi ba. Wankin ne ba ya yafewa.

"Wanki na tufafi ne," yake cewa. "A jiƙa, a cuɗa, a buga, a matse. Ka taɓa ganin an matse mutum? Abin da yake da fata, wanka ake yi masa."

Kuma da gaske wankan yake yi. Da sassafe yake farawa, kafin rana ta taɓa jikin, ko kuma a inuwar rumfa. Zai cire agogo da zobe ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. Ruwa zalla yake fara kwararawa daga tiyo a hankali, ba ya toshe bakinsa da yatsa don ya yi ƙarfi, wai ruwa mai ƙarfi yana kutsawa inda ba a gayyace shi ba. Garin sabulu ba ya shiga rumfarsa, balle fetur ko kananzir da makanikai ke goge maiƙo da su. Sabulun ruwa marar kaifi yake sawa, irin wanda in ya shiga ido ba a kuka. Tsummokaransa kuwa kowanne da aikinsa, na baya daban, na ciki inda baƙin mai ke taruwa daban, na gilashi kuma yana cikin leda kamar kayan lefe. In tsumma ya faɗi ƙasa ya gama aiki a jikin jirgi, sai dai ya dawo gida Inna ta goge murhu da shi.

Gilashin gaba shi ne abin da ya fi ji da shi, don shi ma ba gilashin gaske ba ne, ƙwayar yashi ɗaya tana zana shi. Ba a goge shi a kewaye, daga sama zuwa ƙasa ake ja. Na tambaye shi dalili ya ce zanen kewaye yana kama hasken rana ya watsa wa matuƙi a ido. Ƙwarin da suka mutu a bakin fiffike ba ya kankare su. Jiƙaƙƙen tsumma yake shimfiɗa musu, ya je ya sayi okpa ya ci, kafin ya dawo sun saki da kansu. Wannan haƙurin a rumfa kawai yake da shi. A gida in tuwo ya yi jinkiri sai unguwa ta ji.

Babban maƙiyinsa a duniya zanzaro ne. Akwai wasu ƙananan kafofi a jikin jirgin da iska ke shiga ta gaya wa matuƙi gudunsa da nisansa daga ƙasa, shi kuma zanzaro ba abin da yake so kamar ya kwaɓa laka ya yi ɗaki a ciki. Baffa yana magana da su kamar maƙwabtan da suka ci masa iyaka. "Ka dawo ke nan? Duk faɗin Emene ba ka ga fili ba sai nawa?" Ni ya sa na ɗinka masa 'yan marufai masu jan ƙyalle, dogaye yadda ba wanda zai tashi jirgi ya manta bai cire ba.

Ni ne kuma na ɗinka wa jirgin riga. Baffa ya ce rana ce ke tsofar da irin wannan jiki, shi ya sa ma aka yi masa farin fenti, don kada zafi ya dafa gam ɗin. In za a bar shi a waje, dole a rufa masa asiri. Na auna, na yanka, na sa zif da maɓallan ƙarfe masu sheƙi, ina jin na yi abin a yaba. Ya ɗaga rigar ya duba, ya dube ni.

"Tela, kai in aka kawo maka ɗinkin jariri, ƙusa kake sa masa?"

Na farke komai, na yi mata shafi da yadi mai laushi, na sa igiyoyin ƙyalle. Da ta yi masa, ya ce, "Yanzu ka fara koyon ɗinki." A lokacin ina da shago da yara masu koyo a ƙarƙashina.

Yana da wani tsohon sule, na zamanin da, da ya ajiye don aiki ɗaya. Bayan wanka, in jiki ya bushe, sai ya bi fiffike yana ɗan ƙwanƙwasawa a hankali, kunnensa a kusa. Inda yake lafiya sautin yana fita tsaf. Inda hawa ya rabu da hawa a ciki, sai sautin ya dushe. In ya ji haka ba ya taɓa komai, yana zuwa ya kira injiniya, su tsaya tare suna saurare kamar masu jiran labarai a rediyo. Ya taɓa gaya mini bambancin wannan jirgi da na ƙarfe. Ƙarfe in an buge shi yana lotsawa, kowa ya gani a gyara. Wannan kuwa sai a buge shi fuskarsa ta zauna sumul, ciwon yana can ciki yana yaɗuwa. Sannan ya ce, "Kamar ubanka."

An sha ɗaukarsa a hau sama. Karo na farko da ya sauko, muka taru muna tambayarsa yadda Enugu take daga can, ko ya hango Abakpa, ko ya ga rufin gidanmu. Ya ce shi bai ga gari ba. Wani tabo ya hango a bakin fiffiken hagu da ya tsallake da safe, kuma shi ya zuba wa ido har aka sauka.

To, ga abin da ya raba su. Da aka ɗaura aurena, Baba ya zo daga Fatakwal da abokansa 'yan kara, manyan mutane masu manyan riguna. Baffa ya daɗe yana son yayansa ya ga inda yake aiki, don a daina cewa ya bar sana'ar gida ya koma wanke roba. Ya nemi izini, ya kwashe mu zuwa Emene. Ranar jirgin yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa.

Baba ya kewaya shi yadda yake kewaya sa a kara. Ya leƙa ƙarƙashin ciki, ya shafa wuya, ya ce wa abokansa ba tozo, aka yi dariya. Baffa ma ya yi, yana jin daɗi. Sai Baba ya ɗaga sandarsa mai ƙarfe a baki, ya yi wa fiffiken abin da ya saba yi wa kowace dabba kafin ya yarda da ita. Ya ɗirka masa, ya sake ɗagawa.

Baffa ya daka tsawa. Kuma da sunan Baba ya daka ta, sunansa na yanka, gatsal, babu Yaya babu Alhaji. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, ko a bayan ido. Ga abokan Baba a tsaye, ga ma'aikata Ibo suna kallo, ga ni ɗansa, ango. Da a nan take ya durƙusa ya ba da haƙuri, wataƙila da an shanye. Shi kuwa sai ya wuce yayansa, ya zaro sulensa, ya kara kunne a fiffike.

Baba ya gyara rigarsa. Bai ɗaga murya ba. "Saboda roba," ya ce. "Wallahi hannuna ba zai sake taɓa robar nan ba." Ko walima bai tsaya ba.

A kan fiffike Baffa ne da gaskiya, don injiniya ya samu wurin ya rabu a ciki, jirgin ya daɗe a ƙasa ana gyara. A kan suna kuwa ya san ya yi laifi, har Fatakwal ya je ya durƙusa. Baba ya ce ba komai, ya sa aka yi masa abinci, ya haɗo shi da cinyar sa. Gaba dai ba su yi ba, suna tsoron Allah. Ranar Salla ana gaisawa a waya, gajeriyar gaisuwa kamar ta surukai. Sauran zumuncin ta kaina yake bi. Baba ya kira ni ya ce, "Robar nan ba ta faɗo ba tukuna?" Ma'anarsa, ya ƙanena. Baffa kuma ya ce, "Ka ji labarin shanun Fatakwal?" Ni in amsa wa kowa abin da yake nufi. Na ji haushinsu su biyun, na kuma sha dariyarsu, kuma kullum ina cewa akwai lokaci.

Ana cikin wannan hira, wajen azahar, wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Kyaftin ce, 'yar mai jirgin. Mahaifinta ya tsufa ya daina tuƙi, ita ta karɓa. A gaban Baffa ta tashi, tun tana 'yar makaranta take zama a kan bokitinsa da aka kife tana kallon aiki, kuma a bakinsa ta koyi Hausa. Shi ya sa Hausarta ta tsofaffi ce, ba ta cewa to sai madalla, kuma kowa a wurinta yaro ne. Ta yafa mayafi, ta durƙusa gaban Liman ta yi gaisuwa tiryan-tiryan har mahauta suna kallon juna. Da ta ji me ake jira, ta dube ni da jajayen idanu.

"Yaro, Fatakwal ba nisa a sama. I go bring am, zan je in ɗauko shi."

Na ce mata Baba ya rantse. Ta ce ta sani, tana wurin ranar, a bayan ubanta ta ɓuya. Liman ya ce a ba shi waya. Na kira Baba, na buɗe murya kowa yana ji.

"Alhaji, wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara. Ka san wannan."

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"To, ga jirgi zai zo ya ɗauke ka."

Tsohon mahaucin nan ya dafa gwiwata. Sai muka ji Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, hannu na ce ai. Ban ce ƙafa ba."

Mutane suka rufe baki da hannun riga. Ni kuwa hawayen da ban yi ba tun safe a lokacin suka zo.

Kyaftin ta tafi neman izinin tashi, ƙanena da ke zaune da Baba ya sa shi a mota zuwa filin jirgin Fatakwal, ni kuma na shiga ɗaki na ɗinka likkafani da hannu. Masu haƙa suka dawo suka ce kabari ya yi. Inna ta ɗora ruwa, ta sauke, ta sake ɗorawa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana satar kallon sama yana yi kamar ba ya kallo. Na san irin wannan ƙaramin jirgi ba ya faɗa da hadari, in ya rufe hanya Kyaftin za ta juya, kuma da gaskiyarta. Aka kira la'asar, muka yi salla. Liman ya shafa addu'a ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Abin da ya faru a can, daga baya Kyaftin da ƙanena suka ba ni labari, kowa yana ƙwace magana daga bakin ɗan uwansa. Baba ya iso gaban jirgin ya tsaya yana kallonsa. Ranar Asabar Baffa ya yi masa wanka na ƙarshe, kuma yana nan da ƙyallinsa. Baba ya miƙa wa ƙanena sandarsa ya ce ya koma da ita gida. Sannan ya cusa hannuwansa biyu cikin babbar riga ya harɗe su a ƙirji. Shiga irin wannan jirgi sai an taka gindin fiffike an dafa an sunkuya, shi kuwa ya ce ba zai dafa ba. Ƙanena ya tura ta baya, wani ma'aikaci ya ja ta gaba, suka zuba shi a kujera kamar buhun albasa. Kyaftin ce ta ɗaura masa bel. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, ina direban?"

"Ranka ya daɗe, ni ce."

Ya ce la'ilaha illallahu, ya rufe ido.

Ta ce har suka bar ƙasa hannuwan nan suna cikin riga, yana ta karanto duk abin da ya haddace. Da suka kusa Enugu suka tarar da gefen hadarin, ta kewaye shi, amma iska ta ɗan ɗaga su ta sake. Kafin ta ƙifta ido hannuwa sun fito. Ɗaya ya damƙi bakin taga, ɗaya ya dafe rufi, kuma bai saki ba. Da iskar ta lafa ta ce masa an wuce, yana iya sakewa. Bai saki ba, sai dai riƙon ya canza. Ta ga yana shafa gefen tagar da babban yatsa a hankali, yana kallon fiffiken da ya taɓa duka.

"A ina ne wurin?" ya tambaye ta.

Ta nuna masa. Ya duba ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ta ce ba za a gani ba, an gyara, kuma Baffa ya fi kula da wannan wurin fiye da ko'ina, kullum daga nan yake fara wanka. Baba ya ci gaba da kallon wurin har suka sauka.

Mu kuwa a gida, Liman ya riga ya miƙe ya ce wa tsohon mahaucin nan ya shirya, shi zai yi wankan. Tsohon ya ce to, ya shiga naɗe hannun riga a hankali, naɗin da ban taɓa ganin mai jinkirinsa ba. Yana gama na dama ya warware ya ce bai yi daidai ba. Liman yana ganinsa ya kau da kai. Ana haka yara suka shigo da gudu suka ce ga motar Kyaftin.

Baba ya fito, hularsa a karkace. Mutane suka taso da ta'aziyya, ya ɗaga musu hannu kawai, ya tsaya gaban Inna ya ce, "Sannu da haƙuri," ya wuce ɗakin. Na bi shi da ruwa, na tura ƙofa.

Ya durƙusa, ya yaye mayafin daga fuskar ƙanensa, ya daɗe yana kallo. Baffa yana kwance kamar mai barcin rana, har da ɗan guntun murmushin nan nasa na wanda ya ci gardama.

"Na zo," in ji Baba. "A cikinsa na zo. Na kuma taɓa shi, da hannu biyu, sai da yarinyar nan ta ce in saki."

Ya gyara masa gemu da yatsa. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na riƙe numfashi kafin na ji.

"Tashi ka kira sunan nawa. Ba zan ce komai ba."

Ya jira kaɗan, kamar yadda ake jiran amsa. Sannan ya yi bisimilla, ya miƙo hannuwansa, na zuba masa ruwa.

Ya Allah, bawanka ne ya zo maka, wanda ya yi rayuwarsa yana tausasa hannu. Ka karɓe shi da tausasawa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da ɗan uwansa a gidan da ba a ɓatawa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.